Na Faɗa Mata Sau Ɗari, Amma da Bakin Ba'indiye

Anti Edith, don Allah ki taimake ni. Abin da ke damuna ba na iya kai wa fasto, 'ya'yana kuwa dariya za su yi mini.

Shekarata sittin da ɗaya, tsohon direban tanka ne ni. Matata Juliana ba ni na nemo ta ba. Gwaggona ce ta gan ta cikin mawaƙan coci a ƙauyenmu, ta aiko mini da hotonta Kaduna, aka ce in zo gida Kirsimeti. Sau uku muka ga juna aka ɗaura aure. Shekara talatin da huɗu ke nan, ban taɓa nadama ba ko ta wuni ɗaya.

Ta daɗe tana aiki a masaƙa kafin a rufe, ƙarar inji ta cinye mata kunnen hagu. Yanzu na dama ma ya kama hanya, likita ya ce a hankali zai tafi. Ita kuwa ba ta da abin so kamar fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, irin wanda iyaye ke haɗa aure, surukai su yi ta rigima, a sha kuka a sha rawa. Da can tsokanarta nake yi, in ce mutanen da ba su san hanyar Unguwar Boro ba take zubar wa hawaye. To yanzu ko an ƙure talabijin har maƙwabta su buga bango, ba ta kama maganar. Sai na zama tafinta. Ranar Lahadi in mun dawo coci, in zauna a damanta, duk abin da suka ce in maimaita mata a kunne. Har muryar uwar miji nake kwaikwaya, ta yi ta dariya tana dukan kafaɗata.

Makon jiya muka kalli fim ɗin wani ango da aka haɗa shi da matarsa. Ya daɗe yana share ta, a ƙarshe ya durƙusa ya ce yana sonta. Na maimaita mata kamar kullum. Sai ta goge ido da bakin zani, ta ce yarinyar nan ta dace, ta ji tun kunnenta na aiki. Ba ta dube ni ba, ta tashi ta je duba miya.

Anti, a nan na gane. Maganar nan na zuba mata a kunne ya fi sau ɗari, amma duk ta Ba'indiye ce, tawa ko ɗaya babu. Mu ba haka aka rene mu ba. Ko sunanta ba na kira, Maman Joshua nake ce mata. Shekaranjiya na gwada tana tsintar shinkafa, na buɗe baki sai na ji ina tambayar ko an kawo wuta. Kai, tsufa bai hana wauta ba! Ina sonta, Allah ya sani. Amma in na faɗa yanzu, ba za ta ce fim ne ya koya mini ba? Ko ta tsorata, ta zaci likita ya gaya mini wani mugun labari?

Mai Nauyin Baki, Unguwar Boro

Baba, sannu, kuma ka sassauta wa kanka. Namijin da ke kwaikwayon muryar uwar miji don matarsa ta yi dariya, ba a tambayar ko yana sonta. Mama ta sani sarai. Amma ita ma da gaskiyarta: sani daban, ji daban, kuma ta roƙe ka ta hanyar da kunyarta ta bari.

In ta ce fim ne ya koya maka, ka amsa cewa e, shi ne, ku yi dariya tare. Tsoron mugun labari kuwa, ka fara gaya mata lafiya lau, ba abin da ya faru.

Ku koma asibiti ku tambayi na'urar ƙara ji, wataƙila ta taimaka. Amma kada ka jira ta, kada ka jira ranar tuna aurenku. Lahadin nan, kafin a kunna fim, ka zauna a damanta yadda ka saba. Ka bar talabijin a kashe don kada ta yi shakkar mai maganar. Ka fara da Juliana, domin babu jarumin Indiya da ya san wannan suna. In murya ta yi rawa, bar ta ta yi.

Allah ya ƙara muku shekaru tare, ya ba Mama sauƙi. Ka hanzarta, Baba, tun kunnen dama yana nan.

Anti Edith