Keken Inna a Shagon Dogo

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Likita da yara duka. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya sauwaƙe, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau. Malam ya warke daga tarin da ya dame shi, har ya koma gardama da rediyo. Auta ta fara koyarwa, kullum sai ta dawo da murya a dishe. Kawu ya tsufa ƙwarai, amma bakinsa yana nan da ƙuruciyarsa.

Na zaɓi rubutu ne saboda na lura duk sanda na ɗauko zance mai nauyi a waya, sai layinki ya lalace. Takarda ba ta yankewa. Ina gamawa zan sa Auta ta ɗauki hotonta ta turo miki, don maganar ba ta jira.

Kin san aikin da na ɗora wa kaina tun da na bar aikin ɗakin karatu. Ina bin gidaje da tsofaffin shagunan teloli ina ceto kekunan ɗinki na ƙafa kafin masu sayen tsohon ƙarfe su farfasa su. In jiƙa su da kananzir, in kankare tsatsa, in sa sabon bel na fata, kafinta ya gyara teburin, sannan in ba matar da za ta ci abinci da shi. Sharaɗina ɗaya ne, keke ya yi ɗinki. Kin sha yi mini dariya kina cewa na buɗe gidan marayun ƙarfe, ban taɓa jin haushi ba. Da barandata ta cika, har Malam ya fara shiga gida a karkace, sai na kai guda huɗu ɗakin ajiya na gidan Inna. Uku nawa ne. Na huɗun na Inna ne, wanda ya faɗo a rabonki na gado, kika ce mini da bakinki in yi yadda na ga dama da shi, ke ba ki da wurin tarkace.

Makon jiya na je da mai mota don in ɗauki na Inna, sai na tarar da ɗakin a share. Kawunan kekunan huɗu suna jibge a tsakar gida kusa da rariya, ruwan sama ya dake su, tsatsa har ta fara ja a jikin wanda na yi wata da watanni ina gogewa. Saman teburan an jingine su a bango. Ƙafafun ƙarfen babu, durowoyin babu. Maƙwabciya ce ta leƙo ta ce ai ɗanki Dogo ne ya zo da ma'aikata, za su yi wa sabon shagonsa na shan kofi ado.

Yaya, na je shagon. An shafe ƙafafun da farin fenti, an ɗora musu gilashi, matasa sun kewaye su suna danna waya. Durowoyin ya kafa su a bango ya dasa ganye a ciki. Har da ta Inna, mai tabon dutsen guga a gefe, wadda take ɓoye mana alli da maɓallai, yanzu ƙasa ce jiƙaƙƙiya a cikinta. Dogo ya taro ni da fara'a, yana Gwaggo sannu da zuwa, ya ce ashe zan zo in ga yadda ya raya kayan tarihi. Na tambaye shi tun yaushe raba kai da ƙafafu ya zama raya abu. Ya ce ai kan ne ba shi da amfani, yanzu kowa keken lantarki yake so, ƙafafun ne masu kyau a hoto. Na ce masa shi ma ƙafafunsa sun fi kansa kyau a hoto, amma ba wanda ya raba su. Bai yi dariya ba, ma'aikatansa ne suka shige kicin da sauri.

Na karanta tarihin garuruwan da aka ci da yaƙi ba iyaka, kuma ko mayaƙan da suka ƙona rumbuna sukan bar wa masu sana'a kayan aikinsu, don sun san gobe za su nemi riga. Ɗanki da digirinsa bai kai nan ba. Wai yaran masu shan kofi suna wasa da abin takawa, wilin yana juyawa yana ƙara, shi ne ya kira mai walda ya liƙe su. Irin wannan ƙarfen na zubi ba ya son wuta. Biyu sun tsage, na ukun ya kafe har abada. Waɗannan ukun na yi musu ta'aziyya na haƙura. Na Inna kaɗai ya tsira, don iskar gas ta ƙare wa mai waldan kafin ya kai kansa, ya ce zai dawo.

Wannan keken na riga na yi alkawarinsa. Akwai wata mata a layinmu, Maman 'Yan Biyu, mijinta ya kwanta ciwo tun bara. Ta iya ɗinki ƙwarai, wata makaranta ta ba ta aikin kayan ɗalibai, ga wutar unguwarmu sai ta ga dama take zuwa. Na kai ta ta gwada keken, ta zauna ta taka, ta ce bai taɓa yi mata daɗin ƙafa irin wannan ba. Yanzu yadin yana tare a ɗakinta, makaranta ta kusa komawa, in ba ta fara ba, wani za a ba aikin. Kada ki ce in ɗora kan a wani teburi. Kowane kai da teburinsa, ramin bel da mazaunin ƙarfen ba sa dacewa da na wani, waɗanda ke barandata kuma ba wanda ya gama gyaruwa. Da muka haɗu a bakin famfo ba ta tambaye ni komai ba, gaishe ni kawai ta yi ta sunkuyar da kai, na rasa inda zan sa fuskata.

Na ce wa Dogo ya ba ni ƙafafun da durowar, ya ce ba zai iya ba, Mama ce ta ce ya ɗauki duk abin da yake so a ɗakin ajiya, kuma keken na Mama ne. A nan ya fi ni gaskiya, shi ya sa ban sa an kinkimo shi da ƙarfi ba, ko da yake Kawu ya ce in ba shi sanda da mutum biyu ya gama maganar kafin azahar. Ke kika ba ni, ke kika ba shi, kin manta da na farkon don ba ki taɓa ɗaukar aikina a bakin komai ba. Wannan ya fi fentin yi mini ciwo, gara in faɗa miki a rubuce.

To ga halin da ake ciki. Kullum da an buɗe shagon ina bakin ƙofa da littafina. In zauna a teburin Inna, in ce a kawo shayi kofi ɗaya, in yi ta kurɓa har a tashi. Mai walda ya dawo da iskarsa ya tarar da ni, na ce masa sai dai ya haɗa da ƙafata. Mutumin kirki ne, ya ce shi ma uwarsa tela ce, ya naɗe wayarsa ya tafi. Dogo ya ce ina kore masa masu ciniki, na ce ni ma mai ciniki ce, a ƙaro ruwan zafi. Sai dai ba zan iya wannan gadin har abada ba. Jibi zan raka Malam asibiti a sake duba ƙirjinsa, kuma ɗanki ya sani, na ji yana neman lambar wani mai waldan.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira shi yau, ki ce ya ba Gwaggonsa ƙafafun da durowar Inna. Ni zan kankare fentin da hannuna, kafinta zai yi masa wani teburin da ya fi wannan kyau a hoto. In kuwa kin zaɓi ya riƙe, ki faɗa mini da bakinki, in je in sami Maman 'Yan Biyu in ce mata ta mayar da yadin.

A kan gilashin nake rubuta miki wannan. Tun ɗazu ƙafata take takawa ban sani ba, wilin yana ta juyawa sumul kamar lokacin da Inna ke ɗinka mana kayan makaranta, babu bel, babu allura, ba abin da yake ɗinkawa.

Ki gaida Baban Likita, ki ce ina masa fatan alheri. Ki gaida Likita da mijinta da jaririn, da Ƙaramin Alhaji in ya zo hutu. Malam da Auta da Kawu suna gaishe ki. Dogo ma ya ce in gaishe ki, bai san abin da ke cikin takardar ba.

Ƙanwarki da kike kira Mai Baki,
ina nan zaune, wayata tana kusa da kofin.