Abin da Ilu Ya Yi wa Motar Baba

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya iyali, yaya ƙafar Inna, yaya damina a Maraɗi? Mu nan unguwar Adjamé sai godiya, in ban da ɓacin ran da ya sa na ɗauki biro.

Ka ce in kai wa Ilu ɗan Goggo gyaran injin motar marigayi Baba saboda zumunci, na kai. A gabana ya kwance shi a garejinsa da ke unguwar Bracodi, ya zube fistan da sauran kayan ciki a roba ɗaya. Na ce ya sa wa kowanne alama, ya ce shi ba yau ya fara ba.

Ranar da na karɓo ta, na ɗauko atamfofin mutane a kasuwar Treichville. Ko gadar da ke hanyar komawa Adjamé ban hau ba, injin ya hau ƙwanƙwasa, ya mutu. Wani tsohon bakanike ya buɗe ya nuna mini: fistan biyu an sa su a juye, kibiyar da ke kansu tana kallon baya.

Na koma wa Ilu, ko kunya babu, wai ƙaddara ce. Na ce ƙaddarar ce ta riƙe sufana? Motar da Baba ya lallaɓa har ya bar duniya, Ilu ya kashe ta a kwana uku.

Ka gaishe da Inna da yara. Ku roƙa mini Allah Ya ba ni haƙuri, don jibi sunan ɗan Ilu, kuma ni aka ce in raba goro.

Ƙaninka,
Sabi'u