Jan Fentin da Baba Bai Taɓa Ba

Zuwa ga ƙanena, Lamba Goma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa albarka a neman da kake yi, ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai faɗa ya ƙaru. 'Yar autata da ka bari a goye yanzu baki ya buɗe, kawun cikin waya take ce maka, don a can kaɗai ta san ka. Na san za ka ce me ya kawo takarda ga waya a hannu. A waya minti biyu kake ba ni, ka ce lafiya lau, ka ce aiki ya yi yawa, ka kashe. A takarda kuwa ba ka da inda za ka katse ni, dole ka saurari yayarka har ƙarshe.

Maganar motar ɗaukar kayan nan ce, wadda ka saya sabuwa dal kafin ka tafi don Baba ya daina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Yau sati biyar ke nan, Dogo direba ya ɗauko bulo da safe, yana sauka gangaren bayan kasuwa ya taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Ya ce sai da ya miƙe a kai da ƙafa biyu, ya rage giya, ya ja birkin hannu, sannan motar ta tsaya dab da teburin wata mai sayar da lemo. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya kiyaye. Amma da aka jawo motar gida, Dogo da duk tsawonsa a dandaryar ƙasa ya zauna.

Ka san Baba. Bai tambayi kowa komai ba, ya ce a tayar da injin, ya sa a taka birki sau uku, ya karkata kai yana sauraro. Nan take ya ce famfon da ke zuƙe iska don birki ya yi laushi ne ya mutu. Har ya ɗauko sifana ya sunkuya, Dogo ya riƙe masa hannu, ya tuna masa cewa motar tana da garanti na shekara uku kuma bai ƙare ba. Da ka ga kallon da Baba ya yi masa! Shekara arba'in yana kanikanci, ba a taɓa riƙe masa hannu a gaban inji ba.

Washegari muka ja motar zuwa kamfanin da ya sayar maka, ni da Baba da Dogo. Ofis ne mai ƙofar gilashi da sanyi har cikin ƙashi, Baba ya zauna a bakin kujera yana ɓoye faratansa. Suka duba, suka dawo da maganar da ya riga ya faɗa a tsakar gida kyauta. Ma'aikacin garantin ya ce matsalar ba ta motarmu kaɗai ba ce, famfon da aka sa wa irinta a shekarar yana yawan mutuwa, kuma za su canja ba tare da karɓar komai ba. Sharaɗi biyu ne. Na farko, akwai jan fenti da suka ɗiga a kan notoci huɗu da ke riƙe famfon, in ya fashe sun san wani ya kwance, garanti ya tashi. Na biyu, sai wanda sunansa ke kan takardun mota ya sa hannu, wato kai. Da muka fito, Baba ya ce mu jira shi, ya koma ciki shi kaɗai. Ya ɗan jima, sannan ya fito ya ce mana sun ce ba makawa sai mai mota ya zo da kansa. Muka jawo ta gida, tana nan a ƙarƙashin rumfa.

To ni tun daga nan abin ya fara ɗaure mini kai. Mutumin da in ya zo gidana ya ga murfin tukunya na girgiɗi ba ya shan ruwa sai ya ɗaure shi, shi ne ya zuba wa mota ido sati biyar. Kullum da safe sai ya buɗe gaban motar, ya ɗauki tsumma ya goge kewayen notocin nan a hankali, kamar mai share wa jariri ido, don kada fentin ya karce, sannan ya rufe. Abokinsa Mai Walda ya zo har gida yana tsokanarsa, ya ce tsufa ne ko tsoron kamfani, ga famfunan da aka ciro daga tsofaffin motoci birjik a kasuwa, kafin azahar sun gama. Baba ya ce motar ba tasa ba ce, mai ita yana nan tafe. Haka yake gaya wa kowa, har mai kawo ruwa. Ya gyara ƙofar ɗakinka da ke ƙara, ya wanke fankar, ya sa Inna ta shanya katifarka.

Shekaranjiya na je gida, ina neman abin ɗaure hannun butar Inna, na buɗe akwatin kayan aikinsa. A can ƙasa, ƙarƙashin sifanonin, na ga takarda a ninke cikin leda, da tambarin kamfanin a kai. Takardar wakilci ce. An rubuta ƙarara cewa in mai mota yana nesa, ya sa hannu ya turo hotonta ta waya, wanda ya wakilta ya tsaya masa. Kwanan watan da ke jiki na ranar da muka je ne. Ashe abin da ya koma ya tambaya ke nan, suka ba shi, ya ninke ya sa a aljihu, ya fito ya gaya mana abin da ya gaya mana. Na mayar da ita yadda na gan ta, na zauna a bakin rumfar na yi kuka mai isata. Da na gaya wa Inna, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce in rabu da shi, bakinsa ba zai iya ce maka ka zo ba, shi ya sa ya bar mota ta faɗa.

Ƙanena, muna kewarka ƙwarai, ni ba na jin nauyin faɗa. Kusan shekara uku ke nan. Ka tuna dalilin da ya sa Baba ya laƙaba maka sunan nan, wai kai ne sifana lamba goma, kullum ita ake nema, kullum ita ce ba ta nan. Da can da dariya yake faɗa. Yanzu in ya faɗa sai ya juya ya kama goge abin da ba ya buƙatar guga.

Garantin zai ƙare ranar ƙarshe ta watan jibi. Ba famfon ne ya dame ni ba, ko garantin ya ƙare, Baba awa biyu ta ishe shi ya ɗora wani. Abin da nake tsoro shi ne safiyar da zan shigo in tarar ya sa sifana ya fasa fentin nan, don ranar na san ya daina jira. Ban saka takardar wakilcin a cikin ambulan ɗin nan ba, tana inda ya ɓoye ta. In da gaske ba hali, ka faɗa mini in turo maka, ba zan ga laifinka ba, na san zama a wurin mutane ba sauƙi. Amma kai za ka gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, a hoton ƙarshe wuyanka ya yi tsawo. Maigidana da yara suna gaisuwa, haka Gwaggo da Kawu, da Dogo, da Mai Walda. Na gaya wa Baba ina rubuta maka takarda, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya dubi motar, sannan ya ce in gaishe ka, in gaya maka fentin yana nan yadda yake.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka.