Sunan da Curtis bai canza ba

Fayetteville, 9 ga Maris

Zuwa ga Odell Boykin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙafar?

Na gode da zuwanka jana'izar mijina Curtis. Yanzu bari in faɗa maka abin da ya hana ni sakat. Jami'in da rundunar soja ta haɗa ni da shi ya zauna a falona, yana ta juya hularsa, sannan ya ce inshorar ran da gwamnati ke yi wa sojoji ba ni za a ba wa ba, ba kuma ɗanmu Wesley ba. Sunanka Curtis ya rubuta. Wai doka sunan da ke takarda take bi, ba ruwanta da igiyar aure.

Ba roƙo na zo yi ba, Odell, ka san halina. Tambaya ɗaya ce da ni. Kai ne amininsa. Me na yi masa? Ko bai yarda da ni ba ne duk zaman nan?

Ka gaida mahaifiyarka.
Marlene Tillery

Macon, 17 ga Maris

Marlene, matar ɗan'uwana,

Ina gaishe ki, ina ƙara yi miki ta'aziyya. Ƙafa da sauƙi, ta roba ce ai, ba ta ƙorafi.

Wasiƙarki ta sa ni kuka. Ranar da muka shiga soja yara ne mu, shi ba uwa ba uba. Aka ce kowa ya rubuta magajinsa a takardar inshora. Ya leƙo takardata ya ce, "Kai mummuna, ya ake rubuta Boykin?" Muka yi ta dariya.

Bayan aurenku na yi ta binsa ya canza sunan. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe har ƙofar ofishin da ake canzawa na raka shi. Ya tsaya, ya ƙi shiga. A rukuninmu an yi imani duk wanda ya taɓa takardar nan dab da tafiya ba ya dawowa. Shirme ne, amma har ni na yarda da shi. Ya ce, "Odell, hannuna ba zai rubuta Marlene a takardar mutuwa ba. Kai dai ko na mutu na bar ka gwauro ba wanda zai lura."

Ba ki yi masa komai ba. Tsoro ne kawai, sakaran banza, Allah ya ji ƙansa.

Ko sisi ba zan taɓa ba. Na ga lauya, duk abin da ya shigo zai wuce wurinki da Wesley. Kada ki yi mini gardama.

Naki,
Odell

Fayetteville, 25 ga Maris

Ɗan'uwa Odell,

Ina gaisuwa. Na karanta, na gode, ba zan yi gardama ba.

Wata guda ina fushi da shi, fushin ne ke tashe ni da safe in shirya yaro makaranta. Yanzu ka karɓe mini shi. Yau Wesley ya makara, ina zaune a bakin gado na kasa ko sa takalmi.

Ka zo bikin Ista don Allah.

Marlene