A Gyara Lambar da Aka Sa wa Kafaɗar Bawa

Zuwa ga Likita Bature mai zagayen ɗakunan magani na ƙasar Tambuwal da Kebbe. Gaisuwa da ban girma, Allah shi daɗe da ranka.

Ni ne Mamman, manomi a wani ƙauye kan hanyar Kebbe. Kukana a kan ƙanena Bawa ne, wanzamin garinmu, wanda na rena tun rasuwar mahaifinmu.

Na farko. Da kakar bana, ranar wata Talata, muna ɗora wa rumbu jinka mu shida, Bawa ya ji wani abu ya ja masa a kafaɗar dama. Mai ɗori ya duba, ya ce ƙashi lafiya lau, tsoka ce ta ji jiki. Ni na matsa masa ya je ɗakin magani, kuma har yau ina jin nauyin wannan a zuciyata.

Na biyu. Malamin asibiti ya tambaye shi abin da ke damunsa, Bawa ya ce jijiya ce. A bakinmu, ranka ya daɗe, wanda ya ɗauki kaya ya ji ciwo jijiya yake cewa, wanda wuyansa ya sage ma haka. Malam ya duba littafinku na lambobin cututtuka bai sami gurbin ciwon tsoka ba, sai ya sa shi a gidan ciwon jijiya, ya rubuta lambar a katinsa. Ashe masu wannan lamba ranar Alhamis suke dawowa, benci ɗaya da waɗanda ake dubawa saboda kuturta.

Na uku. Sau biyu kacal Bawa ya zauna a bencin nan, aka gan shi, magana ta bazu wai kuturta gare shi. Kafaɗa ta warke cikin mako uku, har ya koma ɗaukar dami, amma tun daga nan ba wanda ya kawo masa kai. An yi suna huɗu a gari, duk daga Sanyinna aka ɗauko wanzami. Bawa mai barkwanci ne, da tsokana yake aske mutum, yanzu kuwa sai ya wasa aska ya mayar cikin zabira. Wallahi abin yana karya mini zuciya.

Ba na neman a hukunta Malam. Mutumin kirki ne, abin da littafi ya ba shi ya rubuta. Roƙona a buɗe wa ciwon tsoka gurbinsa, a riƙa rubuta yadda aka ji ciwon da wurin da yake, sannan a soke lambar Bawa.

Sai dai mutanenmu ba sa karanta littafinku. Idan zagaye ya kawo ka ranar kasuwa, za ka sami Bawa a gindin tsamiyar kasuwarmu. Don Allah ka tsaya, ka miƙa masa hannu ku gaisa kowa yana gani.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi kai ka gida ka tarar da iyali lafiya.

Wassalam.
Mamman, yayan Bawa.