Robobin Kindirmon Da Na Gani A Ramin Yindiski

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke kawo mana kindirmo a Unguwar Bolewa, Potiskum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sau uku na zo ofishinka tun bayan Babbar Sallah, kowane zuwa sai a ce mini ka fita, alhali motarka tana nan a inuwa a bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuta a fili, domin abin da ya faru ma a fili ya faru.

Na ɗaya, ina tuna maka alkawarinka. Bara kafin azumi ka zo har zauren gidana, ka ce kun daina ƙulla kindirmo a leda. Za a riƙa zuba shi a robobi masu murfi, a sha, a wanke, a mayar muku, ku sake wankewa ku cika. Ka juya gindin roba ka nuna mini wata 'yar alama kamar maɓallin riga. Ka ce akwai lamba a cikinta, kuma na'urar da direba ke riƙewa tana karanta ta daga nesa ko ba a taɓa ta ba, ta san gidan da roba ta shiga, da ranar da aka cika ta, da ko sau nawa ta dawo. Ka roƙe ni in zama wakiliyarku saboda matan unguwa suna jin maganata. Na karɓa ba tare da an ba ni komai ba, don na san Allah ba Ya son almubazzaranci.

Ba zan ɓoye alheri ba, tsarin ya yi aiki. Kwatar layinmu ta daina toshewa da leda. Awaki suka huta da haɗiyar ta. Kindirmo ya daina lalacewa a mota, tunda na'ura tana nuna wanda aka fara cikawa a fara sauke shi. Ni ce na riƙa bin gida gida ina faɗin haka.

Na biyu, ga abin da na aikata da sunanka. Na hana 'yata Zainab ta zuba garin kwaki a roba ɗaya ta tafi da ita makarantar kwana. Ta yi kuka, na ce mata kayan amana ba a aron sa. Wannan ƙarami ne.

Babban shi ne na Ya Falmata, maƙwabciyata ta shekara ashirin, wadda ta yi mini wankan jego sau biyu. Bazawara ce, da fura da kindirmonku take riƙe gidanta. Direbanku ya kawo mini takarda cewa na'ura ta nuna roba biyu sun kwana wata guda a hannunta, kuma doka ta ce a daina ba ta kaya. Na same ta, ta gaya mini an yi wa yayarta rasuwa a Mamudo, ta dama kunu ta aika a cikinsu, robobin suka shige cikin kwanukan jama'a. Ta ce da ni: "Yaya, yanzu in je gidan makoki in ce a nemo mini robata?" Kai ma ɗan gari ne, ka san ba a yin haka. Ni ma na sani. Amma na ce mata doka ba ta san makoki ba. A taron mata na wancan makon na miƙe tsaye na kira sunanta, na yi wa'azi a kan amana har muryata ta dushe, tana zaune kanta a sunkuye. Aka cire ta daga cikin masu karɓar kaya. Tun daga ranar ƙwaryar furarta ba ta sake fitowa ƙofar gida ba.

Na uku, ga abin da idona ya gani. Mako biyu bayan Sallah na je suna Yindiski. Mai Keke ya bi ta gefen wani rami da ake ɗibar ƙasar gini, sai na hango tulin robobi masu shuɗin murfi, wasu sun ƙone rabi. Na ce ya tsaya. Na sauka da ƙafata, da atamfar biki a jikina. Robobinku ne. An kankare alamar kowacce da wuƙa. A cikinsu na tsinci guda uku da suka taɓa shiga gidana, domin ina ɗiga musu jan farce a ƙasan hannu don kada su cakuɗe da na maƙwabta. Tas suke, kamar yadda 'ya'yana suka wanke su.

Wata mata mai tsintar roba a wurin ta ce motarku tana zuwa duk ƙarshen mako. Daga baya wani ma'aikacinku, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya tabbatar mini injin wanki ya lalace tun cikin damina, kuka ga sayen sababbin robobi ya fi muku sauƙi. Sai ku ɓanɓare alamar tsohuwa ku liƙa wa sabuwa, kwamfuta ta ci gaba da nuna roba ɗaya ce take ta zagayawa. Wannan kuke nuna wa baƙin da ke zuwa ganin kamfanin da ya yaƙi shara.

Ranka ya daɗe, na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka nuna mata take faɗa. Ku kuka koya mata shaidar zur, kuka aro bakina na tozarta baiwar Allah a kan roba biyu, a watan da kuke zubar da su mota guda. Ni uwa ce, na san wanda ya yi kuskure, na san wanda ya shirya yaudara.

Na je na ba Ya Falmata haƙuri. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce ba komai, Hajiya. Shekara ashirin ba ta taɓa kirana Hajiya ba.

Don haka ga buƙatuna. Ku gyara injin wanki, in kuwa ba za ku iya ba, ku fito ku faɗa, mu daina ɓata ruwa da sabulu. Ku kwashe abin da kuka zubar a Yindiski kafin shanun mutane su ci ƙonanniyar roba. Ku mayar da Ya Falmata cikin masu karɓar kaya a wannan makon, ba tare da wani sharaɗi ba. Sannan ka zo da kanka ranar Asabar bayan la'asar, zauren da ka zauna bara, ka gaya wa mata gaskiya. Ko ka zo ko ba ka zo ba, zan miƙe a inda na tsaya na kira sunanta, in faɗi cewa ni ce na yi zalunci, daga nan na sauka daga wakilcinku.

Allah Ya shirye ka, Ya sa abin da kake ciyar da 'ya'yanka ya zama halal, Ya ba ka ikon gyarawa tun kana da dama. Ni kuma Ya yafe mini.

Wassalam.

Hajiya Talatu, Maman Zainab,
Unguwar Bolewa, Potiskum.