Na sa furannin ɗana a firij don kada su buɗe

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu sana'ar fure.

Ni malamar firamare ce mai ritaya a Rano, maigidana ya rasu, ɗana guda yana aiki a Abuja. Yaron kirki ne, ba ya fashin aike, amma kiransa kamar ruwan famfon unguwarmu, sai an manta da shi yake zuwa. Kwanan baya ya aiko direba daga Kano da damin fure, wai shi lili, yawanci bai buɗe ba. Maƙwabciyata Hajiya ta juya shi, ta shinshina, ta ce ita ba ta ga amfanin ganyen da ba a miya da shi ba, na ce ai ni ma yanzu ba a miya da ni, muka rabu ba daɗi.

To tun ranar, kullum bayan la'asar sai ya kira ta bidiyo, "Umma, sun buɗe?" Daga nan hira ta zarce, har abin da na dafa yake tambaya. Na lissafa, in suka buɗe suka bushe, tambaya ta ƙare. Na koyar da cewa sanyi yana jinkirta tsiro, sai na kwashe su na jera a firij, can sama jikin gidan ƙanƙara, inda nake sa zoɓo. Wutar lantarkin da ba ta yini, ranar nan sai ta yini. Da na duba, ganyen ya yi baƙi, kawunan sun yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa, na taɓa ɗaya ya faɗo a hannuna.

Yanzu in ya kira sai in ce kyamarata ta lalace, furanni suna nan suna shawara. Jiya ya ce kada in damu, zai aiko min da sabuwar waya.

Masu sani, wanda sanyi ya ƙona yana farfaɗowa? In na sayo wani, gindin randa ya isa, ko in naɗe shi a takarda in sa a ƙasan firij? Ko in faɗa masa gaskiya kawai? In na faɗa, ku gaya min abin da zai riƙa kira yana tambayata.